Isaka Maƙeri da Moter Mai Waya Uku

Isaka ɗan Rabo shi ne na biyar a jerin maƙeran gidansu a Gazawa, in aka fara ƙirga daga kakan kakansa da ya shigo garin da uwar maƙera a bayan jaki. Yana da shekara tara aka zaunar da shi gaban zuga-zugi. Yana da goma sha huɗu ya ƙera kalmensa na farko, yana da ashirin da biyu mahaifinsa ya miƙa masa masaba ya koma gefe yana kallo. A shekara mai kyau yakan fitar da kalme ɗari uku da gatari arba'in, lauje kuwa sai abin da ya samu. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, da tabon ƙuna goma sha ɗaya a hannun hagu, kuma kowanne yana iya gaya maka ranar da ya same shi.

Abu ɗaya aka san gidansu da shi tun daga Gazawa har Agiye: ba a kawo musu ƙarfe su ce ba su san kansa ba. Bindigar maharbi, kwaɗon ƙofa, sarƙar keke, butar shayi da ta huje, duk karɓa suke yi su ce a dawo jibi. In mutum bai san abu ba, sai ya rufe ƙofa ya kwance shi har ya sani. Haka uban Isaka ya yi, haka kakansa ya yi, kuma ba a taɓa jin sun kunyata ba.

A shekara ta huɗu bayan an sauke tutar Faransa, gyaɗa ta yi albarka har ta ishi mutane. Ƙungiyar manoma ta gina mangaza a bakin hanya, dogon ɗakin ajiya na kwano mai cin buhu dubu uku, aka kawo injin ɓarar gyaɗa a kamyo, babbar motar kaya, daga Maraɗi. Abubuwa uku ne a haɗe. Akwai gurup, mai shan mai yana ba da wutar lantarki, wadda mutanen wajen ke ce wa kuran. Akwai injin ɓarar kansa. A tsakaninsu kuma akwai moter, wani ƙarfe mai ruwan toka da bai fi turmi girma ba, wayoyi uku na shiga cikinsa, shi kuma yana juya ɗamarar da ke jan injin. Maza huɗu suka sauke shi suna nishi.

Wanda ya zo ya haɗa kayan sunansa Musbahu, makanike ne ɗan Gidan Rumji da ke aiki a Maraɗi, bai wuce shekara talatin ba. Da aka tambayi wa za a ba makullin ɗakin injin, ba a ma yi shawara ba. Ƙarfe ne, sai gidan Rabo. Musbahu ya nuna wa Isaka maɓallin kunnawa da na kashewa, da inda ake sa man shafawa duk kwana goma sha biyar, ya ce ya riƙa hure ɓawon gyaɗa daga jikin moter da zuga-zuginsa. Da zai hau kamyo ya juyo.

"Baba Isaka, abin ga ba ya son a buɗe mai ciki. In ka ji shina gurnani bai juya ba, kashe shi, ka aiko Maraɗi."

Isaka ya ce, "Allah ya kiyaye hanya." A ransa kuwa cewa ya yi, yaron da aka haifa jiya ne zai koya masa abin da ƙarfe ke so.

Kwana hamsin da uku injin ya yi yana aiki ba tangarɗa. Buhu sittin a yini, wata rana sittin da biyar, abin da mata ashirin za su yi mako suna fama da shi. Isaka ya ɗinka sabuwar taguwa, ya rataya makullin a wuya da zaren fata. Da safe kafin ya buɗe ɗakin yakan tsaya wajen Dikko mai gadi su sha nono. Dikko Bafillace ne da ciwon shanu ya cinye wa garke, daga saniya tamanin saura biyu. Gadin mangazar ne ya ba shi inda zai kafa bukka a bayanta, shi da matarsa Jaye, da ɓawon gyaɗar da shanun biyu ke ci. Kullum da safe yakan yayyafa ruwa a bakin ɗakin injin ya share.

"Maƙeri, yau ma za ka je ka tsaya kana kallon ƙarfen Nasara yana yi maka aiki?"

"Ya fi in tsaya ina kallon saniya biyu ina ce musu garke."

"Saniyata dai na san abin da ke cikinta."

Isaka yakan yi dariya, amma maganar takan bi shi har ɗakin injin.

Rana ta hamsin da huɗu ta faɗo ranar kasuwa. Rabilu, akawun da ke riƙe da buro, wato ofishin mangazar, wanda ake ce wa Mushe irin kiran ma'aikatan zamanin Faransa, ya tafi kasuwa da leburori, aka bar wa Isaka buhu goma sha biyu ya ƙarasa. Ya tayar da gurup, ya danna maɓalli. Moter ya yi gurnani kamar sa a cikin rijiya, bai motsa ba. Ya kashe, ya sake dannawa. Gurnani. Sau uku.

Ya tsaya yana lissafi. In ya aika Maraɗi, kwana ɗaya zuwa, kwana ɗaya dawowa, in an sami Musbahu a gari ke nan. Kuma saƙon zai bi ta bakin direba, direba ya faɗa a tasha, kafin la'asar duk Gazawa ta ji cewa an ba ɗan Rabo ƙarfe ya aika neman taimako. Ya leƙa waje. Dikko na zaune a gindin bishiyar bedi yana tufka igiya. Isaka ya je gida ya ɗauko jakar kayan aiki, ya wuce ta gabansa, ya shiga ya ja ƙofa.

Kusoshi takwas ne ke riƙe da murfin. Ya kwance su ya jera a kan buhu yadda suka fito. Da ya ja murfin, sai ya ga abin da bai zata ba. A jikin bangon moter ta ciki akwai jan ƙarfe an naɗe shi dami-dami, gwanin kyau, kuma nan wayoyin uku suka ƙare. A tsakiya akwai wani dunƙulen ƙarfe mai santsi, shi ne mai juyawa. Isaka ya duba gaba, ya duba baya, ya zura yatsa. Ko waya ɗaya ba ta shiga dunƙulen nan. Bai ma taɓa bangon ba. Tsakaninsu akwai wata 'yar tazara, siririya kamar farce, ta zagaye shi kaf.

Nan take hankalinsa ya kwanta, don ya ga ciwon da ya sani. Shekara talatin ana kawo masa gatarin da ya yi sako-sako a ƙota, kuma maganin ɗaya ne: a cusa wani abu a cike gurbin. Kwana hamsin da uku ƙarfe na juyawa, ai dole ya ci kansa ya rame. Wuta tana bango, dunƙule yana tsakiya, ba su haɗu ba, ta ina zai sami ƙarfin juyawa? Har ya ji tausayin Musbahu da za a taso shi tun daga Maraɗi a kan wannan.

Ya sami gwangwanin tumatir, ya yanka shi zara-zara guda huɗu, ya buga su a kan dutse har suka yi laushi kamar ɓawon albasa. Aiki ne mai kyau, ko ubansa zai yaba. Ya zura su a tazarar, gabas da yamma, kudu da arewa, ya ƙwanƙwasa har suka zauna daram. Ya mai da murfi, ya ɗaure kusoshi takwas, ya yi bisimilla ya danna.

Gurnanin ya fi na ɗazu. Isaka ya ce a ransa bari ya ba shi lokaci ya kama, ya fara ƙirga. A ashirin ya ji jikin moter ya ɗau zafi. A arba'in wani wari ya taso, kamar an jefa ƙaro a wuta. Bai kai sittin ba hayaƙi ya fito ta bayan murfin, shuɗi, siriri. Ya kashe.

Abin da ya yi bayan nan shi ne abin da ya fi damunsa har ya tsufa. Ya jira ƙarfen ya huce, ya sake kwance kusoshin, ya zaro gwangwanayen da awartaki. Uku suka fito lafiya, na huɗu ya fito da guntun baki. Jan ƙarfen nan mai kyau ya koma baƙi ƙirin ta gefe ɗaya. Ya rufe, ya goge yatsunsa daga jikin murfin, ya zuba gwangwanayen a aljihu. Da Mushe Rabilu ya dawo, Isaka ya ce masa, "Na danna, ya yi hayaƙi." Bai yi ƙarya ba, kalma biyar ya faɗa daga cikin ɗari.

Mushe Rabilu mutum ne da ya yi lakol, makarantar boko, shekara shida, kuma a cikin abin da ya riƙe akwai cewa ruwa da kuran ba sa haɗuwa. Ya dubi ƙasa a bakin ƙofa, ya tuna yayyafin safe, ya sa a kira Dikko.

"Kai ne ke watsa ruwa a nan?"

"Ni ne, Mushe."

"Ka san abin da ka ƙona? Kayan gwamnati! In makanike ya zo ya tabbatar, ka kwashe bukkarka da shanunka, kuma ni da kaina zan kai ka wajen jandarma."

Dikko ya dogara da sandarsa ya dubi ƙasa. Ɗazu ya ga Isaka ya wuce da jakar kayan aiki, ya ji bugun masaba a kan dutse, ya ga lokacin da aka ja ƙofa. Amma fulako, kunyar nan ta Fulani, bai bar shi ya tsaya gaban jama'a yana nuna mutum da yatsa don ya ceci kansa ba, balle mutumin da suke shan nono a ƙwarya ɗaya. Ya ce, "To, Mushe." Isaka na tsaye taku uku daga gare shi, gwangwanayen na sukarsa a cinya.

Kwana huɗu aka yi kafin Musbahu ya iso. A kwanakin nan gyaɗa ta taru a bakin mangaza har buhu ɗari biyu da saba'in, aka koma raba wa mata suna ɓara da hannu. Kowace safiya Dikko yakan ajiye ƙwaryar nono a inda ya saba. Isaka ya riƙa zagayawa ta bayan masallaci don kada ya bi ta wurin, ƙarin taku ɗari uku da arba'in. A gida ya tarar da matarsa Zalika da tabarma cike da gyaɗa, yatsunta sun yi ja.

"Malam, ka ji Jaye ta fara ɗaure ƙorai? Wai gara su tashi da kansu kafin a kore su."

"Na ji."

"Mutum da furfura a ce bai san inda zai zuba ruwa ba. Ai da ya tambaye ka."

Ya tashi ya bar tuwon, ya ce zafi ake yi.

Musbahu ya iso da hantsi, ya ce kowa ya fita sai mai makulli. Bai fara da moter ba. Wani ƙaramin akwati ya buɗe a jikin bango, inda wayoyin uku ke bi ta kan wasu 'yan siraran wayoyi da aka sa don su tsinke in wuta ta yi yawa. Ya zaro ɗaya ya ɗaga.

"Ga ciwon farko. Wagga ta tsinke, aikin minti biyu. Baba Isaka, ka san lugude? Mata uku a turmi guda, wagga ta buga, wagga ta bi, wagga ta bi. Haka wayoyin ga uku suke. Kowace tana tura wuta a nata lokaci, sai ƙarfin maganaɗisu ya riƙa zagaya bangon ciki, sau dubu da ɗari biyar a minti guda. In guda ta faɗi, zagayen ya ɓaci, sai ya tsaya shina rawa wuri ɗaya. Gurnanin da ka ji ke nan."

Ya kwance murfin. Ya daɗe yana kallon ciki. Tambayar da ta kwana huɗu tana cin Isaka ta fi ƙarfinsa.

"Shi na tsakiyar, ta ina wuta ke shigarsa? Ban... ba a ga waya ba."

"Ba ta shiga. Shi ke haifar tasa." Musbahu ya jawo dunƙulen ya nuna masa wasu farare-fararen layuka a jikinsa. "Sandunan sanholo ne an binne a cikin ƙarfen, an haɗa kawunansu da zobe nan da nan. Nasara na ce mishi kejin kurege, ni dai akurki nike gani. In maganaɗisun bango ya wuce ta kansu da gudu, sai wuta ta tashi a cikinsu, su ma su zama maganaɗisu, su bi shi a guje. Kuma ba ya taɓa kamo shi. Dubi farantin ga da ke jikinsa, an rubuta dubu da ɗari huɗu da arba'in. Kullum shina baya da sittin. Ran da ya kamo shi, wutar ta mutu, sai ya sake komawa baya. Shi ya sa abin ga ke shekara ashirin bai gaji ba, babu abin da ke gugar wani sai ƙafafun da yake juyawa a kai. Tazarar ga ita ce ransa."

"Duk haka suke?"

"Masu irin cikin ga sun fi yawa. Akwai ƙanana masu waya biyu, irin na fankar buro da na famfon ruwa. Su ba su da mata uku, don haka akan ƙara musu wani naɗi da ɗan gwangwani mai tara wuta, ya ba su turin farko. Akwai kuma manya, irin na gidan matsar mai a Maraɗi. Su kam an naɗe na tsakiyar da waya, da zobba uku da gawayi ke gogawa, don su tashi a hankali da kaya mai nauyi."

"Ashe akwai mai waya a ciki," in ji Isaka, kamar wanda ruwa ya ci ya sami reshe.

"Akwai. Ba wanga ba."

Musbahu ya sa ɗan tsinke ya ƙwaƙulo wani abu daga tazarar. Guntun gwangwani ne, bai kai ƙwayar gyaɗa ba, da ɗan jan fenti a gefe. Ya juya shi a haske, ya kama hannun Isaka ya ɗora masa a tafi.

"Bugun masaba ne, kuma mai bugun ya iya. Ni ko kwana zan yi ba ni iya laushin ga." Ya goge hannu da tsumma. "Baba, ni an aiko ni in faɗi mi ya lalace. Zan ce waya ta ƙone, sai an kai shi Maraɗi an sake naɗi, kwana goma sha ɗaya. In Mushe ya tambaye ni ruwa, zan ce ban ga ruwa ba. Amma ka san shi, zai ce ya bushe. Sauran magana taku ce, 'yan gari."

Haka kuwa aka yi. Mushe Rabilu ya ce ruwan kwana huɗu ai dole ya bushe. Ya sa aka kira Dikko bakin sikeli, inda manoma sama da talatin ke zaune a kan buhunansu, ya ce ya ajiye fitilar gadi ya biyo shi. Dikko ya ajiye. Can bayan mangaza Jaye ta riga ta kwance rabin bukka, shanun biyu na ɗaure a turke ɗaya.

Isaka ya taso. Daga ƙofar ɗakin injin zuwa sikeli taku goma sha tara ne, kuma ya san su ɗaya bayan ɗaya. Ya sa hannu a aljihu ya zube gwangwanayen a kan farantin sikelin, uku lafiyayyu, na huɗu mai guntun baki, da guntunsa. Allurar ko motsi ba ta yi ba.

"Mushe, bar mutumin nan. Ni na buɗe moter. Na ga bai taɓa bango ba, na ɗauka ya rame, na yi masa cushe kamar ƙotar gatari."

Sai wani tsoho daga baya ya ce, "Cushe? A injin Nasara?" Wani ya tuntsire da dariya, ta bazu har leburori. Dariyar ba ta dami Isaka ba kamar tambayar da Mushe Rabilu ya yi a hankali.

"Ranar da na tsayar da Dikko a nan, kana ina?"

"Ina nan."

"Kana jina?"

"Ina ji."

Babu wanda ya sake dariya. Isaka ya cire zaren fatar daga wuyansa ya ɗora makullin kusa da gwangwanayen. Bai dubi inda Dikko yake ba. Mushe ya yi maganar jandarma, dattawan ƙungiya suka ce a bari, kunyar ta isa. Dikko ya sunkuya ya ɗauki fitilarsa ya koma gindin bedi.

Makullin bai sake komawa gidan Rabo ba. A kwana goma sha ɗayan da moter ya yi a Maraɗi, Isaka ya ƙera injinan ɓara na hannu guda shida, masu raga da mariƙi, ya kai bakin mangaza da sassafe ya ajiye bai ce wa kowa komai ba. Sun rage wa mata wahala, amma ba su hana a riƙa ce masa Mai Cushe ba, sunan da ya bi shi shekara ashirin da shida har kabari. Ya ci gaba da ƙira, kalme ɗari uku a shekara kamar da. Daga baya da masu injin niƙa suka yawaita, sukan kawo masa ƙafar moter ko murfinsa ya gyara. In suka kawo moter ɗungurungum, yakan tambaya waya nawa ke shiga, ya sa a juya shi da hannu ya kasa kunne, sannan ya ce a kai Maraɗi. 'Ya'yansa sun sha jin kunyar wannan kalma a bakin ubansu.

Dikko kuwa, wata bakwai Isaka bai yarda sun haɗa ido ba. Ran nan da hantsi yana tsakiyar zuga, sai inuwa ta rufe ƙofar maƙera. Dikko ne, da wuƙar da ta karye a gindi.

"Salamu alaikum, Maƙeri."

Isaka ya amsa yana kallon gawayi. Ya buɗe baki zai fara maganar da ya yi wata bakwai yana shiryawa, Dikko ya ɗaga hannu.

"Ni wuƙa na kawo." Ya ajiye ta a kan uwar maƙera, ya sami wuri ya zauna ya miƙe ƙafa. "Wannan dai ƙarfenku ne, ba na Nasara ba. Kana iya buɗe mata ciki."

Isaka ya ɗauki wuƙar da awartaki ya tura ta cikin wuta. Sai da ya yi zuga goma sha biyu kafin ya iya cewa, "Ka dawo jibi."

"Ina nan zaune," in ji Dikko. "Yi ina gani."